Yayen Fanna

Idan alheri ne ya buɗe wa cuta ƙofa, wa za a kama da laifi? Wanda ya yi alherin, ko wanda aka yi wa? Malamai sun iya raba gado, alƙalai sun iya raba gona, amma wannan ban ga wanda ya raba shi ba. Garbai mai banda ya taɓa zaton ya gano amsar, har ya yi aiki da ita, a shekarar da motoci suka bar hannun hagu suka koma dama.

Garbai Babarbare ne. Ubansa ya sauko daga Borno da kifin Chadi tun kafin a jefa ƙuri'ar da ta bar Mubi a cikin Nijeriya, ya kafa rumfa a kasuwa, ya rasu ya bar masa ita. Mutum ne mai son sanin dalilin kowane abu. In tsutsa ta shiga kwandon banda, ba ya hutawa sai ya gano a wace mota ruwa ya taɓa kayan, da wanda ya bar tamfol a buɗe. Wannan hali ya yi masa rana a kasuwa. A gida ne ya kusa yi masa ɓarna.

Matarsa Zenaba tana da cikin fari, bai ma fito ba tukuna, saƙo ya zo daga garin Belel cewa yayarta Aisa ta sake samun ciki alhali 'yarta Fanna ba ta isa yaye ba. Dole a cire yarinyar daga nono, a kuma nisanta ta da uwar. Kaka ake kai wa yaye, to uwarsu ta riga mu gidan gaskiya. Zenaba ba ta tsaya jiran a roƙe ta ba.

"Malam, ka ce su kawo min ita," in ji ta.

Aka kawo Fanna ramammiya, muryarta ta dushe da kuka, ta ƙi kunu, ta ƙi tuwo, ta ƙi kowa. Zenaba ta yi mata abin da uwarsu ta yi musu. Takan ɓare tsokar banda ta tauna sai ta yi laushi, ta sa mata a baki da yatsa. Takan kurɓi kunu a ludayi don yarinyar ta gani, sannan ta miƙa mata ludayin. Majina da hannu take sharewa. Tabarma ɗaya suke kwana, kullum da safe ta fitar da ita rana saboda fitsari, ko ƙorafi babu. Kafin damina ta yi nisa Fanna ta yi kumatu, tana bin ta har bakin mayo, wato kogin garin, tana kiran Inna. Garbai yakan tsaya a ƙofar zaure yana kallonsu, ya ce a ransa ko wadda ta haifa sai haka. A cikin wannan daminar Zenaba ta yi ɗan zazzaɓi da ciwon wuya, ta sha jiƙo, ya wuce, ba wanda ya sake tuna shi.

A asibitin haihuwa na garin ta sauka, a hannun ungozoma Susanna, wata mata 'yar Kamwe da ta yi karatun aikin a wurin mishan, gajera mai faɗin kafaɗa, wadda rabin yaran Mubi ta bakinta suka fara jin faɗa. Jaririn ya zo ɗan ƙarami, idonsa da shawara, jikinsa da ɗigo-ɗigo kamar cizon sauro. Susanna ta hana su tafiya gida har sai da ya kama nono sosai. Ya rayu, aka raɗa masa Laminu. Ita kuwa Fanna ba wanda ya yi maganar mayar da ita. Aisa ta haihu tana fama da nata goyon, yarinyar kuma ta riga ta zama 'yar gida.

Ɗan fari ne, don haka Zenaba tana kunyarsa. Ba ta faɗin sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, sai dai ta ce "yaron nan". Wannan kunyar ce ta sa abin ya daɗe a ɓoye, don wanda ba ka kira ba, ba ka san ko yana amsawa ba. Fanna ce mai kiransa, ita ce mai jan sa a tsakar gida.

Wata rana da la'asar, Laminu ya fara tafiya ke nan, hadari ya haɗo daga wajen duwatsu. Aka yi wata tsawa da ta sa awaki suka tsinke igiya, Zenaba ta saki tsintsiya tana salati. Laminu na zaune yana buga ƙoƙo a ƙasa, ko ƙifta ido bai yi ba. Garbai ya ƙwala masa kira. Shiru. Sai Fanna ta dube shi da mamaki, kamar babba ya manta abin da kowa ya sani.

"Baba, ai Laminu ba a kiransa. Taɓa shi ake yi."

Ta je ta dafa kafaɗar yaron, ya juyo yana dariya. Ta haɗa yatsu ta kai baki, ya miƙe ya bi ta wajen kwanon abinci. Garbai ya ɗauko tasa da cokali, ya zagaya ta bayan ɗansa ya buga har tasar ta lotsa. Yaron bai juyo ba.

Daga nan ya shiga neman dalili. Ya karɓo rubutu, ya kai shi wurin wani tsoho a ƙauyen Muchalla mai ɗiga mai a kunne, ya bi danginsa da na matarsa ɗaya bayan ɗaya ko an taɓa haifar kurma, bai samu ba. In aka ce masa haka Allah ya so, sai ya ce ya yarda, amma ai ruwan da ya ɓata banda ma Allah ne ya saukar, kuma duk da haka akwai wanda ya bar tamfol a buɗe.

Ana cikin haka Zenaba ta sake samun ciki. Kuma sai ga wani likita ya zo daga Zariya da akwatin ƙanƙara, yana neman a ɗan ɗebi jinin masu ciki. Magana ta bazu a gari cewa sayar da jinin za a yi. Mata suka ƙaurace wa awo. Garbai ya ɗauki kekensa ya tafi asibitin da kansa.

"Sista, na zo in gaya miki, kada a taɓa jinin iyalina."

Susanna na wanke hannu a daro, ba ta ko ɗago ba. "Mai banda, ƙamshinka ya riga ka shigowa. Wa zai sayi jinin da bai cika cokali ba? Ko miya ba zai yi ba. Zauna."

Bai zauna ba, amma ya tsaya. Ta ce masa akwai wani ciwo mai dogon suna, saitomegalo, likitan yana so ya san yawan matan da ya taɓa shiga jikinsu, kamar yadda ake dubawa a wasu garuruwa. Babba in ya kamu sau da yawa ko sani ba ya yi, iyakaci ɗan zazzaɓi. Amma in ya samu mai ciki, wani lokaci yakan kai ga jaririn.

"Na ba shi labarin yadda Laminu ya zo, da shawarar da ɗigon nan. Ya ce ya yi kama da aikinsa. Kunne yake yawan taɓawa."

Garbai ya matso. "A ina ake ɗaukarsa?"

"A jikin mutane. An fi samunsa a yawu da fitsarin ƙananan yara, shi ya sa ake zaton..."

Bai ji sauran ba. Ludayin kunu ya gani a idonsa, da yatsan Zenaba a bakin Fanna, da tabarma a rana. Abin da ya daɗe yana nema ya faɗo masa a hannu. Susanna na kiran "Malam, ban gama ba!" ya riga ya hau keke.

Ya samu Zenaba tana tankaɗe. "Ranar kasuwa Fanna za ta koma Belel."

Ta ajiye rariyar. "Me ta yi?"

Ya faɗa mata duka, yana ƙirga mata abin da ta yi wa yarinyar kamar yana karanta laifuffuka. Ta saurara har ya gama.

"To in haka ne ni na tauna, ni na ba ta. Ita bakinta kawai ta buɗe."

"Ban ce ta sani ba. Amma ta wurinta ya shigo, kuma ga wani cikin. Kunne biyu sun tafi, ba zan ba da wasu biyu ba."

"Malam, ita ce kunnen yaron nan."

"Na gama magana."

Zenaba ta daɗe tana kallon garin da ke cikin faifai. Ya yi tsammanin kuka, har ya shirya masa. Sai ta ce, "Gidanka ne. Abu ɗaya nake roƙo. Kada Ya Aisa ta ji dalilin. In ta ji, har ta mutu za ta riƙa ganin ita ta kurmantar da ɗana, yarinyar kuma za ta tashi da wannan a kanta. A ce mata ni ce na gaji, ciki ya yi min nauyi."

"Za ta ƙullace ki."

"Ta ƙullace ni. Wannan zan iya ɗauka."

Ranar kasuwa ya kai Fanna tasha, ya haɗa ta da Hansai mai goro, wadda ke zirga-zirga tsakanin Mubi da Belel. Yarinyar na riƙe da ƙunshin kayanta, tana zaton yawo za su je. Motar katako ce mai tsawo. Da suka isa gindinta, Fanna ta juyo ta ɗaga masa hannuwa biyu, kamar yadda take yi kullum in ya dawo kasuwa. Hancinta na yoyo. Garbai ya dubi majinar, ya mayar da hannuwansa baya ya haɗe su. Ta daɗe a haka, hannuwa a sama. Hansai ce ta yi tsaki ta sunkuce ta ta miƙa wa na cikin mota.

Ba a jima ba Hansai ta dawo da amsa. Aisa ta ce ta gode, Allah ya saka, ba ta san 'yarta nauyi ce ba. Ta kuma dawo da turmin atamfar da Zenaba ta aika mata, ko buɗe shi ba ta yi ba. Zenaba ta karɓa ta sa a akwati.

Laminu kuwa ya shiga neman Fanna. Ya duba bayan rumbu, ya duba ƙarƙashin gado, ya je ƙofar gida ya tsaya yana jan gashin gefen kansa, wurin da Fanna ke da ɗan kitso. Da wannan yake nufinta. In yana son abu sai ya yi ta motsa hannu, ba wanda ya gane, sai ya faɗi ƙasa yana buga kai. Gidan da ba a jin muryar yaro sai ihu.

A nan Zenaba ta yi abin da ya ba matan unguwa mamaki. Ta ajiye kunyar ɗan fari. Ta shimfiɗa tabarma a tsakar gida da rana tsaka, ta ɗora shi a cinya, ta sa fuskarta daidai tasa, tana kwaikwayon duk abin da ya yi da hannu har ta gane wanne ne ruwa, wanne ne akuya, wanne ne ciki na ciwo. Maƙwabta suka leƙo suna dariya.

"Zenaba, ɗan fari a cinya? Ina kunyar taku ta Barebari?"

"Kunya da baki ake yinta," in ji ta. "Shi kuwa fuska yake ji."

Sannan ta tari mijinta. "Ka ce dalili kake nema. To ka bar ni in ba su jinin su duba, kada mu tsaya a rabin magana."

Wannan ba abin da Garbai zai iya musawa ba ne. Ta ɗauki hakan a matsayin izini. Ta yafa mayafi, ta goya Laminu, ta bi ta tsakiyar unguwa don kowa ya gani. Da ta dawo ta nuna wa mata wurin allurar a gwiwar hannu, ta ce ko cizon cinnaka ya fi shi zafi. Washegari wasu suka bi ta, daga baya har matan unguwar Lamorde suka tsallako mayo.

An yi girbi, an kai dawa rumbu, kafin likitan ya sake zuwa. Garbai na rumfarsa yana juya banda sai ga Susanna da kwando. Ta ɗauki kifi ta shinshina ta ajiye, ta ɗauki wani.

"Wannan tun zamanin mulkin Jamus aka kama shi?"

"Sista, in ba saye za ki yi ba, ki bar min kaya."

"Na zo in ƙarasa maganar da ka gudu ka bari. An duba jinin." Ta zauna a kan buhun kanwa ba tare da an ba ta wuri ba. "Ka san mata nawa ke da alamar ciwon? Kusan duka. Fulani, Gude, Kamwe, Barebarinku, matar ɗan sandan nan Bayarabiya. Ni ma na miƙa hannuna, ni ma ina da ita. Da ƙyar ka samu wadda bai taɓa ratsa ta ba."

"Duka?" Ya ajiye kifin da ke hannunsa. "To me ya sa garin bai cika da kurame ba?"

"Abin da na tambayi likita ke nan. Ya ce yawancin jarirai lafiya lau suke fitowa. Kaɗan ne yake taɓawa, kuma su kansu likitocin ba su gama sanin me ya sa wannan ba wancan ba."

"Amma na Zenaba daga yarinyar ne."

"Wa ya gaya maka? Jini ba ya faɗin rana. Ya nuna ciwon ya taɓa shiga, shi ke nan. Ko tun tana goye a bayan uwarta, ko daga Fanna, ko daga wani yaron maƙwabta, ko daga gare ka kai mai gemu. Ko ma kurmancin ba aikinsa ba ne, zato ne mai ƙarfi kawai." Ta dube shi. In ranta ya ɓaci, Hausarta takan daina raba mace da namiji. "Yarinya ƙarami, ka sa shi a mota kamar buhu! Kuma ka sani, yaron da aka haifa da ciwon nan yakan daɗe yana fitar da shi a yawu, fiye da kowane yaro. Laminu wace mota za ka sa shi?"

Garbai ya dubi kafaɗarsa. Da safiyar nan ya ɗauki ɗansa, har yanzu akwai busasshen yawu a kafaɗar rigarsa.

"Zenaba ta san wannan?"

"Tun ranar da ta ba da jini. Ita ta tambaya da bakinta, likita ya faɗa mata. Ta ce me za ta yi, aka ce ta riƙa wanke hannu da sabulu in ta taɓa fitsari ko majina, ta daina tauna wa yaro abinci, kowa da ludayinsa, sauran kuma a bar wa Allah. Ta roƙe ni kada in gaya maka. Ta ce ta ga idon da ka kalli Fanna da shi, ba ta so ka kalli ɗanka da irinsa. Ni kuwa ban yi mata alkawari ba." Ta miƙe, ta zaɓi manyan kifi biyu ta sa a kwando. "Waɗannan ladan bakina ne."

Ya rufe rumfa tun rana ba ta karkata ba. A gida sai ya fara ganin abubuwan da ya daɗe yana wucewa ta gabansu. Ɗan ƙaramin turmi da Zenaba ke daka wa Laminu kifi maimakon tauna. Sabulu a kan dutse kusa da randa. Ludaya a soke a jikin zana, kowanne da zare a wuyansa: baƙi nata, ja na Laminu. Akwai na uku mai shuɗin zare, sabo, ba a taɓa sha da shi ba.

"Wannan na waye?"

Zenaba na zaune, cikinta ya tsufa, Laminu a gabanta suna magana da hannu. Ta ɗago. "Yana nan dai, ko mai shi za ta dawo."

Ya so ya tambaye ta ko ba ta tsoro, sai ya ga hannunta ɗaya a kan cikin, ya gane tana tsoro, kullum ma tana ciki, kuma da tsoron take ɗaukar yaron. Shi ya nemi wanda zai ɗora wa nauyin, ita ta nemi yadda za ta ɗauka. Ya tsaya a wurin kamar baƙo a gidansa.

"Fito min da atamfar Ya Aisa," in ji shi.

Motar Belel ta tashi da hantsi. Direban har yanzu in ya manta sai ya koma hannun hagu, fasinjoji su yi masa ca. Garbai na cikinsu, da atamfar a cinya. A Belel Aisa ta amsa sallamarsa daga bayan zana, murya a sanyaye, ta ce yaya mai nauyin ciki. Ya ajiye atamfar a bakin ƙofa, ya ce Zenaba ba ta taɓa gajiya ba, shi ne ya ji rabin magana a asibiti ya tsorata ya kori yarinyar, ƙanwarta kuma ta rufa masa asiri da sunanta. Daga bayan zanar ya ji Aisa na jan hanci tana cewa, "Wannan yarinya, tun tana ƙarama haka take."

Aka fito da Fanna. Ta ƙara tsawo, kitson gefen kanta ya tsufa. Ta gan shi ta tsaya nesa, hannuwanta a bayanta, tana kallon ƙasa. Ya kira sunanta, ba ta motsa ba. Sai ya tsuguna a cikin ƙurar ƙofar gida, babban mutum da babbar riga, ya kai hannu gefen kansa ya ja gashin wurin, yadda Laminu ke yi a bakin ƙofa.

Ta dube shi. "Yana nemana?"

"Kullum."

Ta matso a hankali, mura na damunta, hancin na yoyo har leɓe. Da ta iso gabansa ta ɗaga hannuwa, rabi-rabi, kamar mai shirin janyewa. Garbai ya sunkuce ta ya ɗora a kafaɗa, ta kifa fuskarta a wuyan rigarsa, ya bar ta a nan, ya miƙe da ita suka nufi tasha.